Sandar Murja

Na san abin da ake faɗa muku. An ce ni na kori babban yayanku daga gidan nan saboda icce, an ce taurin kaina ya raba uwa da ɗanta. Wasunku ba su yi wayo ba a lokacin, wasu suna gidajen mazansu labarin ya iske su, kuma maganar da ta hau babur daga Duza zuwa Gummi ba ta isa yadda ta tashi. Taurin kai kam ina da shi, gadonsa na yi, ba zan yi musu ba. Amma ban kori kowa ba. Tunda ƙarfi ya fara ja da baya, gara ku ji daga bakina yadda abin ya tafi, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Ni mai sanda ne, ɗan mai sanda. Mahaifina yakan ce sanda ta girmi takobi, ta girmi garma, don tun ranar da ɗan Adam ya fara taka ƙasa ya karyi reshe ya dogara. Idan yana gasa icce a kan garwashi, yana juya shi a hankali kada ya ƙone, sai ya ɗauko mini labarin sandar Annabi Musa da ta tsaga teku, da ta Annabi Sulaimanu da ta riƙe shi a tsaye bayan rai ya fita har sai da gara ta cinye ta. Ni kuwa hayaƙi yana cika mini ido, barci yana fizgata, sai in riƙa ganin mutanen da yake ambata suna ratsa zaurenmu ɗaya bayan ɗaya: fataken da suke tokare kayansu da sanda mai gwafa su huta ba tare da sun sauke ba, maharba da kerensu, liman da doguwar sandarsa ta huɗuba, makiyayi ya gicciya tasa a kafaɗa ya rataya hannuwa yana bin shanu zuwa gulbi. Har yau idan na ji ƙamshin ɗanyen icce a wuta, mutanen nan nake gani. A wurinsa na koyi cewa ba a saran iccen sanda da damina, sai kaka, lokacin da ruwan jikinsa ya sauka. Dargaza muke nema don rashin nauyinta, marke don wanda yake son mai ƙarfi. A bar shi a inuwa ya sha iska, a gasa, a sa a gwafar bishiya a miƙe shi, a ɓare, a shafe da man shanu, a rataye a madafa hayaƙi ya gama aikinsa. Da wannan sana'a na ciyar da ku, da ita da 'yar gonarmu ta bakin fadama.

Babban yayanku, wanda ko yanzu bakina yake nauyin kiran sunansa, Lawali, bai ɗauki sana'ar ba, kuma ban tilasta shi ba. Da zinariya ta ɓulla a ƙasarmu, ya bi samari zuwa rami. Ya riƙa kawo dutse a buhu, matarsa Luba tana daka shi a tsakar gida, a turmin da ke kusa da na hatsi. Duk garin haka ake yi. Ƙura ta kwanta a kan tabarma, a kan kwanon tuwo, a kan tafin hannun yara masu wasa da ƙasa, ba wanda ya san guba ce. Sai yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, aka kankare ƙasar gidajenmu aka zuba sabuwa. 'Yarsu Murja, wadda ba ta daɗe da yaye ba, tana cikin waɗanda Allah ya bar mana. Ta tashi, ƙafafu lafiya, baki lafiya, idanu a buɗe tar kamar na kowa, amma ba ta gani da su.

Daga ranar Luba ta mayar da yarinyar bayanta. Ta goya ta har ƙafafunta suna dukan gwiwar uwar, kuma da goyo ya gagara sai ta koma riƙon hannu. Bayan gida da hannu, bakin randa da hannu, in kuwa Luba tana aiki, Murja tana ɗaki a kan gado an sakaya labule. Ba a faɗin kalmar makanta a gidan nan. Ciwon ido ake cewa. Lawali ya kai ta Anka, ya kai ta Gummi wurin mai magani, an sha rubutu, an yi turare, duk abin da ya samu a rami a nan yake ƙarewa. Ban ga laifinsu ba. Da hannunsu suka kawo dutsen, kuma duk wanda ya kalli fuskar Luba ya san ba ta yafe wa kanta ba.

Shekarar da nake son ku sani, Murja ta kai shekarun da sa'o'inta suke zuwa ɗiban ruwa da 'yan tulunansu. Wata rana bayan azahar mata suka tafi suna a maƙwabta, aka kawo mini ita zaure aka zaunar a kan buzu. Zafi ya kwanta, gari ya yi tsit, sai kukan kurciya a kan darbejiya. Ina kankare sanda ina gyangyaɗi. Can na ji ƙwas, ƙwas. Na buɗe ido, ashe ta laluba ta samu wani guntun dargaza da na yar, tana buga ƙasa da shi. Ta buga bango ta saurara. Ta buga ƙyaure ta saurara. Ta miƙa hannu ta buga tulun da nake jiƙa icce a ciki, ya yi wata ƙara mai zurfi, sai ta yi dariya. Rabon da in ji dariyar yarinyar nan har na manta.

"Tsoho," ta ce, don haka take kirana, "tulun ga da ruwa ciki, amma bai cika ba."

"Amarya, wa ya gaya miki?"

"Shi ya gaya min."

Na ajiye wuƙa. Ta miƙe tsaye ba wanda ya riƙe ta, guntun icce a gaba, ta bi bango tana bugawa har ta zagaye zauren ta dawo ta buge ni a ƙwauri. Ta ce ta gane ni, wai ƙarata irin ta busasshen kara ce. Na ce to amaryar da ke dukan miji tun ba a kai ta ɗaki ba, na fasa auren. Muna dariya, hawaye yana zubo mini, na gode Allah da ba ta gani.

Akwai ƙa'idar da na gada, wadda ban taɓa karyawa ba: ba a yanke sanda a bayan mai ita. Ana iya gyara ta a ajiye da tsawonta, amma yankan ƙarshe sai mai ita yana tsaye an auna a jikinsa. Ta tsoho a ƙugu take tsayawa. Ta makiyayi sai ya gicciya ta an ga inda hannuwansa suka sauka. Ta makaho ta fi su tsawo, a ƙahon zuci ake yanke ta, don ta riga ƙafarsa isa wurin da zai taka, kuma ba a sa mata ƙarfe a gindi, don icce tsirara ya fi faɗa wa hannu gaskiyar ƙasa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan yana ganin tsawon sanda ya san ta wace ce. Na ɗauko wata siririyar dargaza, na tsayar da Murja, na auna a ƙahon zucinta, na yi alama da farce. Ban yanke ba. Na jira ubanta.

Bayan magariba ya shigo gaishe ni, ƙurar rami har a girarsa. Na nuna masa sandar da alamar. Ya kalli sandar, sannan ya yi magana, kansa a ƙasa kamar yadda ya saba.

"Baba, ɗiyata ba makauniya ta ba. Ciwo na, kuma muna magani."

"Magani bai hana tahiya. Ku ci gaba da maganinku, ita ko ta taka ƙasa."

"Ranar da ta riƙa sandar ga, an gama. Gobe Sarkin Makahi shi aiko da goro shi ce ta zama tasu. Jibi a ce ga ɗiyar Lawali can bakin masallaci."

"Sanda ba ta bara, yaro. Na yanka ma makahin da ka tubkar igiya, na yanka ma mai karantarwa. Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi. In ta girma cikin ɗaki, ɗakin za ta sani."

Ya yi mini sai da safe ya shige. Innarku, wadda ta ji komai daga bayan ƙyaure, ta kawo tuwo ta dire shi da ƙarfi.

"Malam, bar su da ɗiyarsu. Kai ka haihe ta? Kullum kai sai ka ga icce ya miƙe yadda kaka so."

Na bar sandar a rataye har wata ya juya. Kullum ina jin yarinyar daga ɗaki tana tambayar uwarta ko za a kai ta wurin Tsoho. Na yi istihara, na yi shawara da zuciyata a gona, na yi da kabarin mahaifina in na wuce. Ban sami hujjar da za ta hana ni ba, sai tsoron ɓacin ran ɗana. Wata safiya Lawali ya tafi wani rami mai nisa inda suke kwana, na kira Murja, na sake aunawa, na yanke a gaban uwarta. Ban ɓoye ba. Luba ta kalle ni, ta kalli sandar, ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na gani a tsufana, kuma in na tuna su yanzu kamar a mafarki na yi su. Gidan nan da na sani tun haihuwa, yarinyar ta sake buɗe mini shi. Tun da hantsi za ka ji ƙwas, ƙwas, daga ƙofar ɗakinsu zuwa rumbu, daga rumbu zuwa turken akuya. Ta gano cewa sabuwar ƙasar da aka zuba mana ta fi ta lungu taushi. Ta gano wurin da rana ke fara sauka, ta riƙa zuwa ta tsaya a nan ta ɗaga fuska. Kaji suka saba da ita suna kauce mata. Wani lokaci nakan rufe idona a zaure in bi ƙarar, in san yanzu tana gindin zogale, yanzu ta tsaya tana sauraren tukunya. Har na taɓa yin gyangyaɗi na ga sandunan da ke rataye duk sun yi ganye, zauren ya zama kurmi, ita tana tafe a ciki ba ta karo da komai. Ƙafafunta da suka yi laushi suka fara ƙarfi. Ta fara cin tuwo da yawa. Luba kuwa na gan ta sau da yawa tana kawar da taɓarya ko bokiti daga hanya kafin yarinyar ta iso.

Daga tsakar gida Murja ta kai zaure, daga zaure ta kai ƙofar gida. Wata Juma'a, na tafi masallaci, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraren mutane suna wucewa. Wani baƙo cikin masu haƙar zinariya, mutumin wata ƙasa da bai san gidan kowa ba, ya ga yarinya tsaye da sanda har ƙirji ranar Juma'a. Bawan Allah ya yi abin da kowane Musulmi zai yi. Ya buɗe tafin hannunta ya sa mata sadaka, ya ce ta yi masa addu'a. Ita ba ta san mene ne ba. Ta juya da murna tana buga ƙasa, tana kiran uwarta ta zo ta ga abin da wani ya ba ta.

Da na dawo, na iske Luba a durƙushe a bakin murhu, sandar tana ci da wuta a ƙarƙashin tukunya, man shanun da na shafa mata yana tartsatsi. Murja tana tsaye a tsakar gida, hannuwanta a miƙe, ba ta san ta ina za ta nufa ba. Luba ba ta ɗago ba.

"Baba, ka yi min gahwara. Na kashe mata ido, ba ni iya ganin ana ba ta sadaka."

Ban yi mata faɗa ba, ku tambayi Innarku. Washegari Lawali ya dawo, labari ya riga shi. Ya same ni a zaure, ya durƙusa.

"Ka ga abin da nike gudu. Abu guda nika roƙo, Baba. Ka yi min alkawari ba ka ƙara ba ta sanda."

Na san in na ce to, gidana zai zauna lafiya. Na kuma san duk ranar da yarinyar ta laluba ta zo zaure ta miƙo hannu, zan ba ta. Na gaya masa ba na ɗaukar alkawarin da na san zan karya. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi. Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba. Kafin sati ya zagayo ya kama haya a Anka, babura suka zo suka kwashe su. Murja tana tsakanin ubanta da uwarta, ta waiwayo wajen da take jin muryata tana cewa Tsoho ya ajiye mata wata.

Innarku ta yi wata ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ita takan je Anka ta gano su, ta dawo, in tambaye ta, ta ce yarinya tana ɗaki. Na je da kaina wata Sallah. Lawali ya tarbe ni da ladabi a waje, ya kawo fura, ya ce Murja tana barci. Na sha furar na hau babur na dawo. Daga baya hanya ta lalace da 'yan bindiga, zuwa Anka ya zama sai da dalili. Ni kuwa duk kaka sai in shiga daji in saro dargaza ɗaya siririya, in gasa, in miƙe, in shafe, in rataye. Ban yanke ko ɗaya ba, tunda mai su ba ta nan. Suna rataye a madafa da tsawonsu suna shan hayaƙi, Innarku tana kauce musu da kai in za ta hura wuta, ba ta taɓa cewa in sauke ba.

Shekaru suka tafi a haka, har ranar da rami ya rufta da yayanku. Kafin mu isa an binne shi. Ɗana ya bar duniya bai sake cin tuwon gidan nan ba, kuma wannan ciwon yana nan a ƙirjina, da shi za a binne ni. A wurin zaman makoki 'yan'uwa suka ce in ɗauko Murja, hakkina ne. Na ce a'a. Ba zan ƙwace wa Luba abin da ya rage mata ba.

Bayan ta fita takaba, wata safiya ina shara a ƙofar zaure, babur ya tsaya. Luba ce, da wata doguwar yarinya a bayanta, fara sol saboda rashin rana. Ta riƙo hannunta ta shigo da ita. Aka gaisa, aka yi kuka, Innarku ta kawo ruwa. Luba ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana murza gefen mayafinta.

"Baba, ranar da anka zo da labari, na hita da gudu ban san inda kaina yake ba. Duk gidan hayar anka watse, kowa ya bi hanyar rami. Tun hantsi. Ban tuna da ita ba sai la'asar." Ta dubi Murja. "Na iske ta tsaye bakin ƙohwar ɗaki ta riƙe labule. Randa na nan gabanta kaɗan, ƙishirwa ta bushe mata baki, ba ta iya zuwa ba. Tana jin kuka ko'ina. Ta ce min, Inna, wa ya mutu?"

Murja tana zaune, ta karkata kai tana sauraren gidan.

"Baba," Luba ta ce, "auna ta."

Na shiga madafa na sauko da su duka, baƙi wuluk da hayaƙi, na goge, na zube a gaban yarinyar. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, tana ɗagawa tana jin nauyi, ta zaɓi wadda ta yi mata.

"Tsoho, har yanzu ƙamshin man shanu kake."

"Ke kuma amarya kin yi min tsawo, sai na taka turmi."

Ta miƙe tsaye. Na kafa sandar a gabanta, na auna a ƙahon zuci, na yi alama da farce. Da na ɗauki wuƙa sai icce ya riƙa zamewa a gwiwata. Luba ta matso, ta kama ɗaya bakin da hannu biyu ta danne, na yanke.

Murja ta karɓa. Ta buga ƙasa sau ɗaya ta saurara. Ta buga bango. Sannan ta juya ta nufi ƙofar da ke fita waje, a hankali, ƙafa tana bin icce, wajen da ake jin muryoyin mata masu zuwa rijiya. Luba ta zabura ta miƙe rabi, hannunta ya riga ya tafi. Sai ta tsaya. Ta koma ta zauna, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su.